Ɗan Gida Ba Ya Gwaji

Sallama gare ku, da waɗanda suka daɗe suna bina da waɗanda yau suka faɗo. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa ba ni da kunya, wai ƙasar kabarin yayata ba ta gama bushewa ba nake shirin shiga ɗakinta. Na karanta, na sake karantawa, ban kuma goge ba, domin ni ma na faɗa wa kaina abin da ya fi wannan zafi. Ki dai daure ki ji na yau, 'yar'uwa, in ya so sai ki yanke mini hukunci.

Sunana Hadijatu, a gida ana ce mini Jatu. Shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare a nan Kusada. Yayata Adawiyya ta rasu wata tara da suka wuce, bayan tari da rama sun daɗe suna cin ta. Ta bar mijinta Yaya Mannir, malamin gona ne a Kankia, ta kuma bar 'yarta Ilham mai shekara biyu da rabi. Tun ranar sadakar uku Ilham take hannuna. A bayana take barci, ba ta cin abinci sai ni na ba ta, in na tafi makaranta tana bakin ƙofa har in dawo. Da aka yi wata shida manya suka zauna, suka ce tunda yarinya ta riga ta zaɓi uwa, me zai hana in maye gurbin yayata? Ba wanda ya tilasta ni, kada in ɗauki alhakin kowa. Baba ya kira ni ya tambaye ni har sau biyu, na sunkuyar da kai na yi irin shirun da kowa ya san ma'anarsa.

Kuma ina son sa. To, na faɗa, mai zagi ya zaga. Ban san ranar da abin ya fara ba. Wataƙila ranar da na ga ya zauna a zaure yana tsefe wa Ilham kitso da hannunsa, yana yi yana ba ta haƙuri kamar shi ya yi mata laifi. Yaya Mannir ba ya ɗaga murya. A Kankia Ustaz ake ce masa, sahun gaba ba ya wuce shi, in ya haɗu da mace a hanya ƙasa yake kallo har ta wuce. Duk Juma'a bayan la'asar zai iso a kan mashin ɗinsa, farar shadda, hula zanna, ledar lemo da ayaba a rataye. Da safe kuwa, kafin in gama shara, saƙonsa ya shigo: "Maman Ilham, an tashi lafiya?" Ranar da ya fara kira na da wannan suna sai da na zauna a bakin gado na yi kuka, kuma har yau ban san ko na daɗi ne ko na kunyar Yaya Adawiyya ba.

An sa rana bayan girbi, saura mako biyar.

Zahra ce ta fara tayar da maganar. Ƙawata ce tun muna sakandare, ita ta karanci aikin jinya, kuma bakinta ba shi da birki. Muna hira a waya kan ankon biki sai ta jefo mini: "Amarya, yaushe za ku je gwajin jini? Kin san yanzu limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda." Na ce mata ban ji an yi zancen ba. Ta turo mini hoton fuskar mamaki har guda uku.

Da yamma na tarar da Dada, mahaifiyarmu, tana tuƙa tuwo, na ɗan yi mata zancen cikin wasa. Ashe Baba yana alwala a bayan rumbu, ya ji.

"Wane irin gwaji kuma?" in ji shi. "Wannan ai don baƙo anka yi shi, wanda ba a san asalinshi ba. Mannir ɗan gida ne, shekara huɗu shina cin tuwon gidan nan. Ke kuma budurwa ce, ko karatun da kinka je Katsina gidan kawunki kinka zauna. Wa za a gwada? In aika ma mutum kamar Mannir ya je a ɗebi jininshi, ai na zage shi. Na riga na yi magana da Liman, ya ce tunda abin na gida ne ba shi da ta cewa."

Na ce, "To, Baba." Har na ji kunyar kaina. Dada kuwa na ga tana tuƙin da ƙarfi har tuwon yana tsalle daga tukunya.

Ranar Asabar da hantsi aka ce in buɗe ɗakin baya. Can aka jibge kayan Yaya Adawiyya tun da aka kwaso su daga Kankia, domin magada sun yarda a bar wa Ilham komai, yanzu kuma za su koma tare da ni. Ina buɗe ƙofa ƙamshin turarenta ya buge ni, irin haɗin da take yi da sandal da hawi. Na ɗaura ɗankwali a hanci na fara fito da kaya tsakar gida. Ga kwallayenta masu furen ja, ga kulolin abinci, ga labulayen da muka zaɓa tare a kasuwa tana ta tsokana ta wai idona na ƙauye ne. A cikin akwati na tarar da leshinta ruwan ƙwai wanda ta sa ranar sunan Ilham, a ninke, da 'yar takardar tela har yanzu a jiki. Ilham tana ta zagaya ni da murfin tukunya tana kiɗa.

Can ƙasan wani buhu na kayan madafa na ci karo da gwangwanin madara babba, wanda take zuba daddawa. Na ce a raina wannan ai ta lalace, bari in zubar. Na buɗe, wari ya tashi, na juye a kan faifai. Sai wani ƙulli na baƙar leda ya faɗo daga ƙasan daddawar.

Robobin magani ne guda biyu, farare, babu komai a ciki. An kankare takardar jikinsu da farce, amma ta ɗayar ba ta gama fita ba. Sai wani ɗan kati da aka ninke huɗu, babu suna, lamba ce kawai da jerin kwanan wata, duk bayan wata uku, an sa hannu a gaban kowanne. Na ƙarshen da aka sa wa hannu ya kai wata goma kafin rasuwarta. Na juya katin, na sake juyawa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wurin ɓuyan. Duk gidan aure babu inda namiji ba ya kai hannu kamar gwangwanin daddawa.

Na ɗauki hoton robar na tura wa Zahra. "Maganin mene ne wannan?"

Ta gani, alamar ta nuna ta gani, amma ba ta rubuto ba. Sai ga kiranta.

"Jatu, na wane ne?"

"Tsinta na yi."

"A ina?"

"Ke dai ki faɗa mini."

Ta sassauta murya, abin da Zahra ba ta saba ba. Sannan ta ce, "Maganin ƙanjamau ne. Wanda masu ɗauke da ita suke sha kullum."

Na kashe wayar ba sallama. Na zauna a kan buhun.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa na kira wannan shafi wurin tona kaina. Kun san abin da ya fara zuwa zuciyata? Cewa na yi, "Yaya Adawiyya, me kika aikata?" Wallahi haka na ce. Ni da na yi karatu, ni da nake tsayawa gaban yara ina koya musu tsafta da lafiya, ni da na kwana ɗaki ɗaya da ita shekara goma sha takwas na san ko wasan banza ba ta yi. Ita na fara tuhuma. Yaya Mannir ko kusa bai faɗo mini a rai ba, sai ma tausayinsa da na ji. Sai da na ɗauki lokaci a zaune kafin na tambayi kaina dalilin da ya sa ciwon da mutum biyu suke iya ba juna na ɗora shi kan mutum ɗaya. Har yanzu in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Baba ya tafi gonarsa ta Kaikai tun da safe, gidan daga ni sai Dada sai Ilham. Na same ta a madafa tana tankaɗen gari. Na ajiye ledar a gabanta. Na zaci za ta tambaye ni mene ne. Ba ta tambaya ba. Ta ajiye rariya a hankali, ta miƙe ta leƙa ƙofar gida, ta dawo ta tura robobin cikin murhu.

"Dada, kin sani?"

"Rage muryarki."

"Kin sani ke nan."

"Ni na riƙa raka ta, ya za a yi in ƙi sani?" Ta goge hannu a zani ta zauna a kan turmi. "Wurin awon cikin Ilham anka gano. Daga asibiti ko gidanta ba ta koma ba, nan ta zo ta hwaɗi gabana tana birgima. Ilham kau Allah ya tsare ta, don uwarta ta sha magani tun tana ciki. An gwada ta har sau ukku, ba ta da komi."

Na waiwaya na dubi yarinyar, tana can tana jera murafen kwalla a ƙasa. Na yi hamdala a zuci, wannan nauyin dai ya sauka.

"Daga ina ta samu, Dada?"

"Daga ina kau in ba wurin Labaran ba?"

Labaran shi ne mijin Yaya Adawiyya na fari, direban babbar mota ne mai zuwa Legas. Shekara ɗaya suka yi auren ya mutu, ta dawo gida ta yi zawarci na shekara biyu kafin Yaya Mannir ya fito. Na tuna lokacin sarai, domin ni na raka ta ɗakin gwaji. Mahaifiyar Yaya Mannir, Hajiya Babba, ita ta kafe cewa ba za a kawo mata bazawarar direba ba sai an auna jininta. Aka auna, aka ce lafiyarta ƙalau, aka kai takardar har Mawashi tare da goro. Shi ango ba wanda ya ce ya miƙa hannu, saurayi ne kuma Ustaz.

"Dada, ai an gwada ta kafin ta auri Yaya Mannir. Shekara biyu da rabuwarta da Labaran. Aka ce ba ta da shi."

"Ɓuya ya yi cikin jini."

"Ba ya ɓuya shekara biyu. 'Yan watanni ne, ko Zahra ki tambaya."

"To mi kike son ki ce? Mannir?" Ta zaro mini ido. "Ki ji tsoron Allah, Jatu. Mutumin da ko ɗaga ido bai yi ya dubi mace? Ita kanta Adawiyya ba ta taɓa kawo haka a ranta ba. Cewa ta yi ita ta shigo mashi da ƙazanta gida."

Na tambaye ta dalilin da ya sa katin ya tsaya.

"Duk wata ukku sai ta ce mashi za ta zo ganin gida. In ta zo mu shiga mota mu tahi wani asibiti can wajen Kano, inda ba wanda ya san mu, mu karɓo. To da Hajiya Babba ta bar Mawashi ta dawo gidansu da zama, sai ta ce wannan ganin gida ya yi yawa, mace ta zauna ɗakinta. Shi kuma ba ya tsallake maganar uwarshi. Na je mata ni kaɗai sau biyu, daga baya sunka ce sai sun ga mai abu sun auna ta. Na ce ta gaya mashi gaskiya ya bar ta ta hita, ta ce gara ta mutu da ya dube ta da wannan ido." Ta share hawaye da bakin zani. "Ta kau mutu."

Ashe ba tari ne ya kashe yayata ba, izinin fita ne ta rasa.

"Shi ne kuma kike so in shiga ɗakin ba gwaji?"

"Ki tsaya ki ji. Mannir yaro ne, dole zai sake aure. In ya nemi ɗiyar wasu, cewa za su yi a kawo takarda. In anka je anka taras ta shafa mashi, mi mutanen Kankia za su ce? Wa za su zaga? Ilham ta tashi ana nuna ta ana cewa uwarta 'yar iska ce ta kashe kanta ta cuci bawan Allah? Amma ke ta gida ce, ba mai tambaya."

"Ni fa, Dada? Ni ba 'yarki ba ce?"

"Ki dube shi mana! Ƙato, lahiya lau, ko mura bai yi. Jinin namiji da ƙarhi yake, ba ta kama shi ba. Da ina da shakka zan ba shi ke?"

"In ba ki da shakka, me ya sa kike tsoron takardar?"

Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka irin wanda ban gani ba ko ranar jana'iza. Da ta ɗago ta kama hannuna duka biyu, nata duk gari.

"Ranar da za ta cika ta riƙe ni haka. Ta ce, Dada, ki roƙa mani gahwara wurin Mannir, ki ce na cuce shi, ya yahe mani. Wata tara ina ɗauke da saƙon nan, na kasa. Jatu, don girman Allah ki ruhwa ma 'yar'uwarki asiri. Ba ta da bakin da za ta kare kanta yanzu."

Kada ku zagi Dada. Na so in ji haushinta, na kasa riƙe haushin. Mace ce da ta tashi ta tarar in irin wannan ciwo ya shiga gida, zanin mace ake dubawa, ba a duba wandon namiji. Ta binne 'ya ɗaya, tana ƙoƙarin ceton sunanta, ta kuma lallashi zuciyarta cewa ɗayar ba abin da zai same ta. Ban ce ta yi daidai ba. Amma ai ni ma da na ga robar nan tunanin da na fara yi irin nata ne.

Kwana shida na yi ina jujjuya abin. A aji sai in tsaya da alli a hannu har yara su ce, "Malama, kin tsaya." Zahra ta gane ba tare da na faɗa mata suna ba, ta riƙa turo mini saƙon murya. Ta ce yanzu ciwon ba kabari ba ne, mai shan magani a kan kari yana rayuwarsa, ya yi aure, ya haihu, har ma ba ya shafa wa abokin zamansa. Abin da yake kisa shi ne rashin sani da ɓoyo. "Amma ko waye, Jatu, kada ki shiga ɗaki da ido a rufe." Shi kuma Yaya Mannir yana ta turo mini hotunan fenti. "Maman Ilham, ruwan toka ko ruwan madara? Na fi son ki zaɓa da kanki, ba na son ki shigo ki ga ɗakin kamar yadda yake da." Na daɗe ina kallon saƙon. Idan na yi shiru, na sayi sunan yayata da jinina. Idan na yi magana ya tambaye ni dalili, na tone wadda take kabari. Daga ƙarshe na yanke cewa zan nemi gwajin kawai, ba zan ambaci sunanta ba ko zai yanka ni.

Na rubuta masa: "Ruwan madara. In ka zo Juma'a akwai maganar da nake so mu yi."

Ya amso nan take: "Allah ya sa ba laifi na yi ba."

Ranar Juma'a na sa atamfata kore mai zanen ganye, na yafa farin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Ana idar da la'asar na ji ƙarar mashin ɗinsa. Ilham ta ruga ta rungume ƙafarsa, ya ɗaga ta sama tana ƙyalƙyala dariya. Dada ta fito suka gaisa, ya durƙusa har ƙasa kamar kullum. Ta karɓi Ilham da ledar lemon, kafin ta shige ta dube ni, duban da na san roƙo ne. Muka zauna a zaure, shi a kan kujerar roba, ni a bakin tabarma, na tura masa ruwa da kunun aya.

"Na ga kin rame, Maman Ilham. Ko hidimar biki ce?"

"Yaya Mannir, ina so a yi gwajin jini kafin a ɗaura."

Ya yi murmushi, irin na babba da yaro ya zo masa da shirme.

"Haba, Jatu. Ba sai kin yi ba. Ni na yarda da ke ɗari bisa ɗari." Ya rage murya. "Ko da ma akwai wani abu da ya faru can baya lokacin makaranta, tsakaninki da Allah ne. Ba zan tambaye ki ba, ba kuma zan bari kowa ya tambaye ki ba."

Kun ji fa! Kirki yake yi mini, har da yafiya. Jinina ya hau, na ji kunnuwana suna zafi. Wato ko a bakinsa, in an ce gwaji, mace ake nufi.

"Ban aikata komai ba da za ka yafe mini. Kuma ba ni kaɗai nake nufi ba. Ni da kai, mu je tare, a ɗebi nawa a ɗebi naka."

Murmushin ya ɗauke. Ya ajiye kofin kunun da ya ɗauka bai kai baki ba. Ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mayar. Na shirya wa faɗa, na shirya wa "kin zage ni", har na shirya wa ya tashi ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Abin da ya fito daga bakinsa ban shirya masa ba.

"Wa ya gaya maki?"

Ban ce komai ba, shi kuma ya ɗauka shirun nawa sani ne.

"Ba sai an ɗebi jinina ba, Jatu. Ina da shi." Yana magana yana kallon ƙasa. "Ranar da za a haifi Ilham aka ce a tanadi jini ko za a buƙata. Na miƙa hannu, ai ni ne mijin. Sai suka kira ni gefe suka ce nawa ba zai yiwu ba. Ƙuruciya ce, tun kafin in san yayarki, kuskure na ɗan lokaci da na zaci na tuba ya wuce. Tun daga ranar nake shan magani, ban taɓa fashi ba. A ofis nake ajiye shi. Duk wata uku sai in ce an tura ni taro Katsina, in je in karɓo."

"Ba wanda ya taɓa tambayarka wane irin taro ne?"

"Wa zai tambaye ni?"

Haka ne kuwa, wa zai tambaye shi. Na damƙe bakin mayafina.

"Ni kuma sai yaushe ka yi niyyar faɗa mini? Bayan an kai ni?"

"Likita ya ce ƙwayar cutar ta kwanta, ba zan shafa wa kowa ba in dai ina shan magani. Kullum in na taho nan sai in ce yau zan faɗa maki. In na zo na ga yadda Baba yake ji da ni, na ga yadda kike duba na, sai in kasa. Ban kyauta ba, na sani. In kin ce kin fasa, wallahi ba zan ga laifinki ba, ni zan ɗauki laifin gaban manya."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ni kuwa so da haushi da tausayi suka cakuɗe mini, na rasa wanda zan kama. Na ji motsi a bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida, na kuma ga gefen zanin Dada ta ƙasan ƙofar.

"Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai," in ji shi. "Bai kama Adawiyya ba. Da aka faɗa mani, na dawo gida na tambaye ta, gwajin da aka yi maki wurin awo fa? Ta ce komai lafiya lau. Na yi sujada a ranar. Daga nan na riƙa kiyaye ta, na ce mata tazarar haihuwa nake so mu yi. Ciwon huhu ne ya ɗauke ta, kwananta ne ya ƙare. Ta tafi da tsarkinta, ba ta san irin mijin da ta aura ba. Wannan kaɗai yake sa in iya barci."

Na dubi ƙasan ƙofar. Zanin Dada yana nan, bai motsa ba. Na yi wa kaina alkawarin ba zan ambaci sunanta ba, amma alkawarin na rufa wa mai laifi asiri ne, yayata kuwa ba ta da laifin da za a rufa.

"Yaya Mannir," na ce, "akwai saƙon da ta bari a ba ka ranar da za ta rasu, ba a ba ka ba."

Ya ɗago da sauri. "Saƙo? Me ta ce?"

"Ta ce ka yafe mata. Wai ta cuce ka, ita ta shigo maka da ciwo gida."

Ya tsaya yana kallona, bai gane ba. Sai kuma na ga ya gane.